Gishiri, Kati da Akwatin Rediyo: Dariyar Zamanin Yaƙin Hitila

Ranar 8 ga Janairun 1940, wata huɗu da ɓarkewar yaƙin da kakanninmu suka sani da Yaƙin Hitila, gwamnatin Ingila ta sa wa tukunyar kowane gida ma'auni. An ba kowa ɗan littafi mai katuna, ya je ya rubuta sunansa wurin mai kanti guda, in ya zo sayayya a yanki katinsa a auna masa rabon mako. Da sukari da man shanu da naman alade aka fara. A watan Maris sauran nama ya shiga, a Yuli ganyen shayi ya bi, oza biyu kacal ga mutum a mako, a ƙasar da ba a karya kumallo sai da shayi. Tufafi suka shiga lissafi a 1941, sabulu a 1942. Ƙwai kuwa ɗaya ne a mako, shi ma in an samu. Ayaba ta ɓace daga kasuwa ɗungurungum, har aka yaye yara suka shiga makaranta ba su san kamanninta ba. Dalilin a fili yake. Ingila tsibiri ce, fiye da rabin abincinta a lokacin ta teku yake zuwa, ga kuma jiragen Jamus masu nutso suna kwance a Tekun Atilantika suna nutsar da jiragen dakon kaya.

A makonnin farko na yaƙin gidan rediyon BBC ya rasa abin da zai yi da mutane. An rufe gidajen sinima da na wasan kwaikwayo na ɗan lokaci, an hana kunna fitila da dare, rediyo kuma ba abin da yake fitarwa sai sanarwar hukuma da kiɗan molon coci na wani mutum mai suna Sandy Macpherson, safe da yamma, har jaridu suka soma ƙorafi. Mutane da yawa suka juya akwatunansu zuwa tashar Jamus, inda William Joyce, wanda suka laƙaba wa Lord Haw-Haw, yake yi musu gatse da Turanci yana zolayar shugabanninsu. Ba don sun yarda da shi suke saurarensa ba, sai don ya fi tasharsu daɗin ji. Wannan ya koya wa hukuma cewa mutumin da aka rage wa abinci, aka kashe wa fitila, aka kai ɗansa fagen daga, ba zai zauna yana jin wa'azi kullum ba. In ba a ba shi abin dariya a gida ba, zai neme shi wurin abokin gaba.

Ministan abinci, Lord Woolton, wanda aka naɗa a Afrilun 1940, ɗan kasuwa ne da ya san yadda ake magana da mai saye. Daga watan Yunin wannan shekara aka buɗe wani shiri na minti biyar mai suna The Kitchen Front, da ƙarfe takwas da kwata na safe, bayan labarai, kafin matan gida su ɗauki kwando su tafi layin kanti. Abin da shirin yake koyarwa ba mai daɗi ba ne: yadda za a yi girki da garin ƙwai busasshe da ake kawowa daga Amurka, yadda za a sa karas a madadin sukari, yadda ba za a fere dankali ba don kada a yi asarar ɓawonsa. Dabarar ita ce a bakin wa aka sa maganar. An kawo wasu 'yan'uwa mata biyu, Elsie da Doris Waters, masu fitowa da sunan Gert da Daisy, suna magana da harshen matan unguwannin talakawan Landan, suna gulmar mazajensu, suna kukan layi, a tsakiyar hirar su cusa yadda ake dafa abin da ke akwai. Akwai Mabel Constanduros mai kwaikwayon wata tsohuwa mai mita, wadda ba abin da ke gamsar da ita. Akwai kuma likita Charles Hill, wanda ya yi suna wajen yi wa al'umma maganar hanji da bayan gida ba kunya, da sassafe. Hatta wani abincin ganyaye da dankali marar nama da aka raɗa wa sunan ministan kansa ya zama abin tsokana a bakin 'yan wasa, shi kuwa bai hana ba.

Babban shirin dariya na zamanin shi ne ITMA, wanda Tommy Handley yake jagoranta, Ted Kavanagh yake rubutawa. Ya fara a Yulin 1939, ya rayu har Janairun 1949, lokacin da Handley ya mutu. Da yaƙi ya kankama sai Handley ya riƙa fitowa a matsayin ministan wata ma'aikata ta ƙarya wadda aikinta kawai fitar da dokoki marasa kan gado da takardun cikewa, daidai lokacin da ma'aikatu na gaskiya suke yi wa jama'a ruwan irin waɗannan takardu. Mutane iri-iri suna buɗe ƙofa su shigo su faɗi kalmarsu su fita: wata mai shara da bokitinta, wani ɗan leƙen asirin Jamus mai buga waya da murya kamar daga cikin tulu, wani tsohon kanar da kowace magana yake fassara ta da tayin giya. Saboda bama-bamai an kwashe 'yan wasan daga Landan zuwa Biristol, daga nan zuwa Bangor a ƙasar Wales, shirin bai mutu ba. A Afrilun 1942 aka kira su fadar Windsor suka yi wasa a bikin cikar Gimbiya Elizabeth shekara 16. A ganiyarsa wajen kashi 40 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna saurarensa a dare guda.

Me ya sa gwamnatin da ke tsakiyar yaƙi ta bari ana yi mata dariya a rediyonta? A ganina amsar tana cikin littafin katin nan. Rabon ya hau kan kowa. Attajiri yana iya zagayawa ta gidan cin abinci ko kasuwar bayan fage, kuma an yi, amma a ƙa'ida ozar sukarinsa ita ce ta direbansa. Sarki George na shida da iyalinsa suna da nasu littattafan. Da matar shugaban Amurka, Eleanor Roosevelt, ta sauka a fadar Buckingham a 1942, ta tarar an ja layi a kwamin wanka don kada a wuce ma'aunin ruwa, abinci kuma irin na kowa ne ko da yake a faranti na alfarma aka kawo shi. An ware madara da ruwan lemo ga yara da masu ciki, har talakawa da dama suka ci abinci mai gina jiki fiye da yadda suke ci kafin yaƙin. Inda wahala ta zama ta kowa, dariyarta ba ta da haɗari ga mai mulki, domin mai ba'a da wanda ake yi wa ba'ar layi ɗaya suke bi. A Jamus kuwa tun Satumban 1939 sauraren tashar waje ya zama laifi, ba'ar ƙarancin abinci ta koma raɗa a kunne, kuma akwai waɗanda aka kashe a kan barkwanci.

To, man majarin da ake auna wa matar Landan, da sabulun da take yanka kati ta karɓa, daga ina suke? Wani kaso mai yawa daga gonakin gyaɗar Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau ya fito, da kwakwar manjan kudu. A Fabrairun 1942 Japan ta kama Singafo, ta riga ta mamaye Malaya, Ingila ta rasa kuza da roba da man girkin da take samu daga gabas. Sai ido ya dawo kan Afirka ta Yamma. Aka turo Lord Swinton ya zauna a Akra a matsayin minista mai kula da abin da yankin zai bayar, aka kafa hukumar da ita kaɗai ke sayen gyaɗa a farashin da ta yanka. Manomi ba shi da wani mai saye, ba shi da bakin ciniki. Ana matsa wa hakimai da dagatai su ga an ƙara noman gyaɗa, baitulmalin En'e suna ba da gudummawar sayen jiragen yaƙi, haraji kuma yana nan ba ragi. Filin jirgin saman Kano ya cika da jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi a bi da su ta Maiduguri da Fort Lamy da Hartum zuwa Masar.

Mafi ɗaci shi ne aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos. Daga 1942 zuwa 1944, a zamanin Gwamna Bourdillon da farkon na Richards, an ɗebo mutum wajen dubu 100 daga lardunan Arewa, kowace gunduma da adadin da aka yanka mata, aka kai su tudun Jos cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da ƙarancin abinci da matsuguni. Mutane sun mutu, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti, wasu dubbai suka gudu. Don a ciyar da waɗannan leburori da sojojin bariki, hukuma ta riƙa karɓar gero da dawa daga ƙauyuka a farashinta. Damina ta zo da gardama a 1942, rumbuna kuma an riga an taɓa su, sai yunwa ta faɗa wa arewacin Katsina da Daura da maƙwabtansu. Ita ce ake kira 'Yar Gusau, domin can bakin layin dogo mutane suka riƙa dosa neman hatsi.

Amma abin da ya shiga kowane gida, na mai rumbu da na marar rumbu, shi ne rashin gishiri. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gishirin Ingila na buhu, wanda kamfanoni irin su UAC da John Holt suke shigowa da shi, ya riƙa ture na gida a kasuwanni da yawa. Da jiragen ruwa suka koma dakon soja da makamai, sai ya yanke. Wanda zai cike gurbin shi ne na gargajiya: kantu da beza na Bilma, mangul na ƙasar Manga, gishirin kwarin Foga da ke yamma da Kabi, da na Awe da Keana a kwarin Binuwai. Sai dai Bilma da Foga suna ƙasar Nijar, ita kuwa tun faɗuwar Faransa a Yunin 1940 tana hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, har zuwa ƙarshen 1942. Iyakar da fatake suka saba ƙetarewa da jakuna da raƙuma ta zama iyakar abokan gaba, abin da ya ƙetaro sai ta fasa-ƙwauri. Farashi ya yi tashin gwauron zabo. Kantuna suka fito da wata dabara: ba za a sayar maka da abin da ka zo nema ba sai ka haɗa da wani kayan da ya yi kwantai. Masanin tarihi Toyin Falola ya yi nazari na musamman a kan wannan ƙarancin gishiri, kuma ba mamaki, domin ya taɓa mutane fiye da labarin kowane fagen daga. Kananzir da ashana da akoko da atamfa duk suka yi wuya. Masaƙa da marina suka samu kasuwa, fitilar man gyaɗa da ƙyastu suka dawo, mata suka jingina da kanwa da ruwan toka da daddawa don miya ta ciwu.

Ga bambancin da ya kamata a tsaya a kansa. A Najeriya ma an ƙayyade kaya, amma ƙayyadewar ta tsaya ne tsakanin gwamnati da kamfanoni da manyan dillalai: wane lardi zai samu buhu nawa, wane kanti zai karɓa. Babu wani littafi a hannun matar ƙauye da ke cewa tana da haƙƙin awo kaza a mako. Abin da ya sauko mata shi ne ragowar abin da ya bi ta hannuwa da yawa. Can an rage wa kowa don kowa ya samu, nan an ɗiba daga wurin kowa ba tare da an yi wa kowa alkawarin komai ba. Wanda ya ga iyakar wannan tsari shi ne sojanmu da ya sauka Indiya a 1943, shekarar da yunwar Bengal ta kashe mutum wajen miliyan uku a ƙarƙashin tutar da yake yi wa yaƙi.

Ƙasar Zuru ta ba da nata kason ne da 'ya'yanta. Tun farkon zamanin Turawa masu ɗaukar soja suka sa ido a kan Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da maƙwabtansu Fakkawa da Dukkawa da Kambari, saboda juriyarsu. Saurayin da ya taso da kokawa, ya yi shekaru yana golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, ba tafiyar ƙasa ko ɗaukar kaya ne zai karya shi ba. Daga Dabai da Danko da Wasagu da Fakai da Sakaba, daga garuruwa irin su Kanya da Ribah da Mahuta, samari suka shiga rundunar Najeriya ta sojan Afirka ta Yamma. Rundunar ta fara da yaƙin Italiya a gabashin Afirka a 1940 da 1941, inda birged ɗin Najeriya ya yi tafiyar nan mai nisa daga Mogadishu zuwa Harar. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 aka kai su Bama, suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da Arakan, suka karɓi Myohaung a Janairun 1945, wani birged na 'yan Najeriya kuma ya shiga cikin dakarun Chindit na Janar Wingate. Sunayen barikokinmu na yau, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Myohaung a Legas, daga can aka kawo su. Kowane saurayi da ya tafi, hannu ɗaya ne ya fita daga gayya da golmo, a ƙasar da noma ke tafiya da ƙarfin samari. Tsofaffi da mata suka riƙe gona, suka biya haraji, suka nemi gishiri.

Su kuma wa yake yi musu magana? Ba rediyo ba dai. A 1935 aka kafa rediyon waya a Legas, wanda ake kama shirin BBC a tasha guda a rarraba shi ta igiya zuwa akwatunan da aka kafe a bangon masu biyan kuɗin wata. Ibadan ta samu a 1939, Kano sai wajen ƙarshen yaƙin. Akwatin ba ya zuwa inda igiya ba ta kai ba, igiyar kuwa ba ta fita manyan birane. Tashar ZOY ta Akra tana ba da labarin yaƙi da harsunan gida har da Hausa, amma kama ta sai mai akwatin batir, wato Bature ko babban sarki ko attajiri. Mutumin Kanya yana jin labarin yaƙi ne daga bakin ɗan sandan En'e, ko fatake ranar kasuwa, ko wasiƙar soja da malami zai karanta wa iyali, ko in majigi ta biyo ta babban gari a kafa farin ƙyalle a nuna jirage da tankoki.

Abin da ya fi kusa da aikin da BBC ta yi shi ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita tare da Rupert East. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar cewa za a miƙa Najeriya ga Jamus. Imam gwanin zance ne, ya san mai karatu ɗaya yake da shi a gaban masu saurare ashirin, saboda haka ya rubuta labarin yaƙi yadda za a karanta shi da ƙarfi a zaure, da karin magana da habaici da zambo. An ƙara shafuka na ajami don waɗanda ba su yi boko ba. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya ga zaman kati da idonsa, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Sai dai iyakar dariyar da aka yarda da ita a rubuce sananniya ce. Hitila da Musolini halal ne, a yi musu yadda aka ga dama. Razdan da Di'o da manajan kanti da mai rabon gishiri, su kam ba a taɓa su. Handley ya yi shekaru yana kwaikwayon masu mulkin ƙasarsa, amma a Legas a 1945 gwamnati ta dakatar da West African Pilot da Daily Comet saboda goyon bayan ma'aikata masu yajin aiki.

Wannan bai sa mutanenmu sun rasa inda za su kai dariyarsu ba, domin sun riga rediyo mallakar sana'ar. Babu al'ummar da na sani da ta ware wa barkwancin abinci ƙwararru kamar Hausawa. Ɗan kama duk fasaharsa a kan ciki take. Zai ɗauki waƙar babban makaɗin fada, wadda aka yi wa sarki mai dawaki da bindigogi, ya bar amonta yadda yake, ya cire sarkin ya sa tuwo da miya da fura da nama. Zai zauna kamar malami ya buɗe wa'azi da murya mai ban tsoro, mutane su natsu, sai a ji ashe bayanin malmala yake yi da hukuncin wanda ya bar ta ta huce. Zai yi addu'a doguwa wadda duk roƙonta mai da gishiri ne. C. G. B. Gidley ya yi rubutu a kan 'yankamanci a 1967, ya nuna cewa sana'a ce mai ƙa'idoji da sarautu, ba shirme ba. Ka auna nauyin irin wannan wasa a kasuwar da gishiri ya gagara. Ɗan kama ba ya buƙatar ambaton gwamna ko kanti. Ya isa ya wasa miya mai gishiri kamar yadda ake wasa basarake, kowa a da'irar ya san abin da ake nufi, kuma ba dogarin da zai kama mutum don ya yabi tuwo.

Bayan 'yan kama akwai 'yan gambara masu zambo a bainar kasuwa, akwai tashe a watan azumi, akwai kalankuwa bayan kaka inda samari ke naɗa junansu gwamna da joji da likita su kwaikwayi tafiyarsu da tsawarsu, akwai wasan taubasai da na ƙabilu, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, inda rowa da ci da kwaɗayi su ne kan gaba a abin da ake tsokanar juna da shi. Hatta sunayen da ake sa wa shekarun yunwa, Kakalaba ta 1914, 'Yar Buhu ta 1927, 'Yar Gusau, suna ɗauke da wannan hali na mutanen da ke raɗa wa masifa suna don su iya ambatonta. Bambancin wannan dariya da ta Landan shi ne ba hukuma ce ta ɗauki nauyinta don ta kwantar da hankalin jama'a ba. Ta talakawa ce, a tsakaninsu, ba a naɗe ta a faifai ba, ba a biya marubuci ya tsara ta ba. Shi ya sa har yau ana iya sauraren muryar Handley daga taskar BBC, na 'yan kaman 1943 kuwa sun tafi da masu su. Wannan rashi yana damuna, domin wanda ya karanta rahotannin Razdan kaɗai zai ɗauka mutanen Arewa sun sha wahalar yaƙin ne shiru.

A kudu, inda ƙayyade farashi ya zo da ɗan sanda a bakin rumfa, ba'ar ta fito fili ta zama makami. A Legas daga 1941 wani jami'in gwamnati, Kyaftin Pullen, ya yanka farashin kayan abinci, daga baya ya buɗe wuraren sayarwa na gwamnati inda ake kwana a layi, matan kasuwa ƙarƙashin Alimotu Pelewura suka ƙi yarda har tsarin ya rushe. Tsadar rayuwa ta kai ma'aikata ga yajin gama-gari na Yunin 1945, wanda ya ɗauki kwana 44. A Abekuta ƙwace shinkafar mata 'yan kasuwa da sunan dokar yaƙi na cikin abin da ya haɗa su a bayan Funmilayo Ransome-Kuti, suka riƙa kwana a ƙofar fada suna waƙoƙin zambo, har Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta a Janairun 1949.

Sojojin Bama sun dawo a 1946, Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar maraba. Sun dawo da ɗan kuɗin sallama, da Hausar bariki, da ɗan Turancin fareti, da labarin ƙasashen da suka ga Bature yana ɗaukar kaya yana jin tsoro kamar kowa. A ƙasar Zuru aikin soja ya zama gado, uba ya miƙa wa ɗa, har ta fitar da manyan hafsoshi irin su Janar Sani Sami, wanda ya zama Sarkin Zuru, da Janar Ishaya Bamaiyi. Rediyo ya biyo baya a hankali: hukumar watsa labarai ta Najeriya a 1951, sashen Hausa na BBC a watan Maris na 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sannan ƙaramin akwatin batir mai araha wanda ya kai murya har gona da ruga. Ingila kuwa ba ta yar da littafin katinta ba sai Yulin 1954, shekara tara bayan yaƙin, a lokacin dalar gyaɗa na tsaye a Kano tana jiran taragu.

Da wasan dariya na Hausa ya samu gindin zama a Kaduna, wanda ya fi kowa shiga zuciyar mutane soja ne. Usman Baba Pategi, Banufe ɗan gidan sarautar Pategi, ya yi aikin gidan rediyo, ya shiga soja a shekarun yaƙin basasa, daga shekarun 1970 kuma ya fito da Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin. Samanja mutum ne mai gashin baki da tsawa, mai cakuɗa Hausa da Turancin bariki, wanda ke son ya tafiyar da gidansa da unguwarsa kamar filin fareti, kullum kuma rayuwa tana ƙin yi masa biyayya. Duk gidan da ya taɓa fitar da soja ya san wannan mutum, a Zuru kuwa kusan ba gidan da bai fitar ba. Shirin yana kan ganiyarsa lokacin da ƙasar ta ɗanɗani nata zaman layi: tsuke bakin aljihu na Shagari a 1982, sannan 1984, lokacin da madara da sukari da shinkafa da sabulu suka zama kayan da ake kira esenko, ana bin dogon layi a saya a farashin gwamnati, soja na tsaye da bulala yana daidaita sahu a ƙarƙashin shirin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon. Mutumin da ya wuni a wannan layi yana iya komawa gida da dare ya kunna akwatinsa ya yi dariyar mai kaki, a tashar gwamnati, da harshensa, ba wanda ya kama shi. Pategi ya yi ritaya daga soja a 1985, ya ci gaba da wasa shekaru da dama, ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023.